Na Sallama

ALHAJI: Ɗan boko, jawo teburin ga bakin rumfa. Ba nan ba, can, inda Alhaji Ɗan'ige ka iya hange.

ƊAN BOKO: Kawu, rana za ta bugi kwamfutar.

ALHAJI: Ta buge ta. Da kuɗɗina nis saye ta.

Dillalan albasa nawa ne a Aliero ke loda tirela har Mile 12 ta Legas da 'yar ƙaramar waya mai tocila, an ɗaure ta da kyauro? Amma Alhaji ya je banki a Birnin Kebbi, ya ga wani yaro da hedifon a ka yana magana yana latsa kwamfuta, shi ke nan barci ya ƙaurace masa.

ƊAN BOKO: Kawu, ka san fa kwamfutar nan ba ta da layi. Daga wayarka take jan data, sannan WhatsApp ɗin cikinta ya kira mutum, sannan muryar ta biyo Bluetooth ta shigo kunnenka. Da mun haɗa hedifon ɗin da wayar kai tsaye, da an huta.

ALHAJI: In munka yi haka, wa za ya ga kwamfuta?

ƊAN BOKO: Ba kowa.

ALHAJI: To ka ji. Shekara ukku kana jami'a, wanga ɗan lissahi ya gagare ka.

ƊAN BOKO: Ga data ta yi tsada. Tun farkon 2025 da aka yi ƙarin kashi 50 cikin ɗari...

ALHAJI: Kai ka biya?

Ba shi ke biya ba. Amma duk wanda ya taɓa sayen datar wata guda ta ƙare masa kafin Juma'a ta biyu ya san abin da ke cin ran yaron.

ƊAN BOKO: To abu ɗaya dai, kada ka yi nisa da teburin. Hedifon ɗin wajen mita goma yake kaiwa. In akwai bango ko cunkoson jama'a ma ba ya kai hakan.

ALHAJI: Mita nawa?

ƊAN BOKO: Goma.

ALHAJI: Mai shago ya ce min daga Dubai anka kawo shi. Abin da yat taho tun daga Dubai, shi na mita goma ka gagara? Buga min Alhaji Bala.

Aka ɗora hedifon bisa hula, don Alhaji ya ce hular ba ta sauka. Ya gyara babbar riga.

ALHAJI: Salamu alaikum! Alhaji Bala! Legas! Da kwamfuta nika kiranka. A'a, ba komi, don dai ka sani.

Ya fara tafiya. Ya wuce rumfarsa, ya wuce mai shayi, ya wuce mai faci, bai tsaya ba sai wajen buhunansa da ke jiran mota a bakin titi, wanda kuma, ikon Allah, daidai ƙofar rumfar Alhaji Ɗan'ige ne. Nan Ɗan Fulani ya iske shi, ido a sama, hannu a kunne.

ƊAN FULANI: Mai albasa, buhun ga nawa?

ALHAJI: Dubu tamanin. Ba ragi.

ƊAN FULANI: Subahanalillahi! Albasa ko tunkiya? Na saya dubu goma.

ALHAJI: Albarka! Haba Alhaji, kai hwa babba na.

Ɗan Fulani ko Sakkwato bai taɓa zuwa ba, balle Makka. Amma wa ke ƙin girma? Ya gyara sanda a kafaɗa.

ƊAN FULANI: To, tunda ka san mutane, na ƙara biyu.

ALHAJI: Ƙara dai. Ka san kuɗɗin mota. Ga shingaye tun daga Yawuri, Kwantagora, Mokwa, har Ilori, kowane shinge da hannu miƙe.

ƊAN FULANI: Wace mota? Da jaki na zo. Goma sha biyar, aradu ko sisi ban ƙarawa.

Alhaji ya saci kallon Alhaji Ɗan'ige, ya ga ya ajiye goro ya zuba masa ido. Sai ya ɗaga murya yadda har masu ɗinkin buhu za su ji.

ALHAJI: To, don kai na. Na sallama! Allah shi sa albarka!

ƊAN FULANI: Amin, amin. Riƙe nan, ka ƙirga.

ALHAJI: Kai! Mi kaka yi da buhuna?

ƊAN FULANI: Buhuna dai.

ALHAJI: Da Legas nika magana!

ƊAN FULANI: Ina Legas ɗin? Ni ɗai ke gabanka. Na taya, ka ce albarka. Na ƙara, ka sallama. Har Alhaji ka kira ni, jama'a sun ji.

ALHAJI ƊAN'IGE: Abin ba na hayaniya ba na. A kawo kwamfuta mu duba. In kira na tahiya, ciniki bai faɗa ba.

Ɗan boko ya iso da gudu, kwamfuta a hammata, ya raɗa wa kawunsa a kunnen da ya ɗaga wa hedifon.

ƊAN BOKO: Kawu, tun wajen mai shayi abin ya rabu da kwamfuta. Muryar Alhaji Bala ta dawo kan tebur, yana ta helo helo, har ya gaji ya kashe. Ba ka ji shiru ba?

ALHAJI: Na ji. Rufe min baki.

ALHAJI ƊAN'IGE: Mi yac ce? Buɗe mu gani mana.

ALHAJI: Ba sai an buɗe ba, ƙura na shiga. Da Bahillace nika ciniki tun farko.

ALHAJI ƊAN'IGE: Yanzu kac ce Legas.

ALHAJI: Da su duka. Mu masu kwamfuta muna ciniki biyu lokaci guda. Kai da ke da mai tocila ba ka ganewa.

ALHAJI ƊAN'IGE: Buhun tamanin, a goma sha biyar?

ALHAJI: Garaɓasa ta. Manyan kamfunna ka yin haka.

ALHAJI ƊAN'IGE: Madalla. A ware min buhu goma.

MAI SHAYI: Ni biyu sun ishe ni, Alhaji.

Alhaji ya danna hedifon a kunne da hannu biyu, ya juya baya.

ALHAJI: Helo? Alhaji Bala? Awo, ina jin ka sarai!

ƊAN BOKO: Kawu, cajinsa ma ya ƙare.

Ɗan Fulani ya gama ɗaure buhu a bayan jaki, ya ja igiya, sai kuma ya dawo.

ƊAN FULANI: Mai albasa, wace rana za ka sake sa abin kunnen nan? In taho da ƙanena.