Abokin aikinka ba jakadan gwamnatinsa ba ne

A ranar 30 ga Maris, 2022, makonni biyar da afkawar Rasha cikin Yukiren, wani kumbon Soyuz ya dira a ƙasar Kazakistan ɗauke da mutum uku: Rashawa biyu da Ba'amurke Mark Vande Hei, wanda ya shafe kwana 355 a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. A lokacin Amurka da Rasha na ta jifan juna da takunkumi da baƙaƙen maganganu. Amma ba sai da bakin mutanen nan uku ya zo ɗaya kan yaƙin ba kafin su sauko lafiya. Abin da kowannensu ya nema wurin ɗan'uwansa shi ne ya yi aikinsa daidai, a kan kari.

Yau wannan hali ya ishe talakan ma'aikaci. Mai rubuta manhaja da ke aiki ta intanet, da likitan ƙungiyar agaji, da matuƙin jirgin ruwa, duk suna wuni da mutanen da ke kallon Gaza ko Taiwan ko Kashmir da wani ido dabam. A ganina, yawancin rigimar da ke ɓarkewa a irin wannan zama tushenta ɗaya ne: sai mu ɗauki mutum mu ɗora masa rawanin jakadan ƙasarsa, mu ce ya kare duk abin da gwamnatinsa ta aikata.

A ɗauka ana taron bidiyo, ana kuma naɗarsa. Kafin a shiga ajanda sai wani ya juya ga injiniyan da ke Mosko ya ce, "To malam, kai me ka ce kan abin da ƙasarku ke yi?" Injiniyan ya yi gum, ya gyara zaman tabarau, ya ce a ci gaba da aiki. Nan take a yanke masa hukunci cewa yana goyon baya. Alhali tun watan Maris na 2022 akwai doka a Rasha da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15 ga wanda aka ce ya yaɗa ƙarya kan sojojin ƙasar. Mai tambayar zai rufe kwamfutarsa ya yi barcinsa, shi kuwa wancan da iyalinsa ne za su kwana da fargaba. Ba kowane shiru ne amincewa ba.

Ko da ma ra'ayin nasa ne har zuci, ba daga sama ya faɗo ba. Lokacin da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kaɗa ƙuri'ar yin tir da mamayar, ƙasashe 141 suka amince, 5 suka ƙi, 35 suka yi rowar ƙuri'unsu, ciki har da Indiya da Sin da Afirka ta Kudu. Ɗan Poland ya tashi da labarin danniyar Tarayyar Sobiyat a bakin kakanninsa. Ɗan Afirka ta Kudu ya tashi da labarin cewa ita dai wannan Sobiyat ɗin ce ta tallafa wa masu yaƙi da wariyar launin fata. Ɗan Iraƙi kuwa, da ka ambaci dokar ƙasa da ƙasa, mamayar da Amurka ta yi wa ƙasarsa a 2003 ce za ta faɗo masa. Sanin haka ba zai sa ka sauya matsayi ba, sai dai zai hana ka yi wa mutane kuɗin goro.

Maganin da shugabannin kamfanoni suka fi so shi ne kafa dokar hana siyasa a wurin aiki. Da ana aiwatar da ita ba sani ba sabo, da da sauƙi. Amma ma'aikata na da ido. Sun ga yadda manyan kamfanoni suka yi rige-rigen fitar da sanarwa da ficewa daga Rasha a 2022, sun kuma ga yadda da yawa suka kama bakinsu da aka zo kan Gaza. A watan Afrilun 2024 kamfanin Google ya kori ma'aikata 28 da suka yi zaman dirshan kan kwangilarsa da gwamnatin Isra'ila. Kamfanin ya ce sun hana wasu aiki ne, kuma wannan hujja ce da za a saurara. Duk da haka, muddin ma'aikaci ya fahimci cewa akwai 'yan mowa da 'yan bora a cikin waɗanda aka yarda a yi wa kuka, dokar ta zama siyasa ita ma.

Tarihi ya nuna ana iya aiki tare ba tare da an sasanta ba. Sobiyat ce ta kawo shawarar kawar da cutar agana a 1958, ta bakin Viktor Zhdanov, Ba'amurke Donald Henderson ya jagoranci gangamin, aka kuma ayyana ƙarshen cutar a 1980, duk a tsakiyar yaƙin cacar baka. A Jodan akwai cibiyar binciken kimiyya ta SESAME da aka buɗe a 2017, wadda Iran da Isra'ila da Falasɗinu duk mambobinta ne.

Wani zai ce ai wannan kawar da kai ne daga zalunci. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin haƙuri na da iyaka. Wanda ke murnar kisan fararen hula, ko yake cewa wata al'umma ba ta cancanci rayuwa ba, ya fita daga saɓanin ra'ayi ya shiga cin zarafin wanda ke zaune kusa da shi, kuma dole a ladabtar da shi ko daga ina ya fito. Amma a hukunta shi kan abin da ya furta da bakinsa, kada a duba launin fasfonsa. Ko CERN, cibiyar binciken kimiyyar nukiliya ta Turai, da ta kawo ƙarshen yarjejeniyarta da Rasha a ƙarshen Nuwamban 2024, da cibiyoyin ƙasar ta yanke hulɗa. Barashen da ke aiki ƙarƙashin wata jami'a a wajen Rasha ba a rufe masa ƙofa ba.