Shato da tankin lakwal: aikinsu ɗaya ne

Jama'ar Yamai, muna cewa Shato 1, Shato 8, Shato 9 kullum in za mu hau taksi, amma kaɗan ne ke tuna cewa tankunan ruwa ne suka ba unguwannin nan suna. Ruwan kogin Isa ake tacewa a Gudel da Yantala, a zuba masa kulor, a tura shi sama cikin shato, daga nan nauyinsa ya kai shi famfunan gidaje. Duk tsawon mita 10 na ba da ƙarfin bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turin ruwa). Shi ya sa a watan Afrilu, in ruwa ya yi ƙasa cikin shato, masu gidan sama da na bakin gari ke fara rasa shi.

Abin da ke damuna shi ne lise da CEG da ke kusa da waɗannan shato, inda yara ke shan ruwan tankin da ba wanda ya taɓa leƙa cikinsa. Ruwan na fitowa da tsabta daga bututu, a tsakar lakwal yake lalacewa.

Mu fara da lissafi. A makarantar jeka-ka-dawo kowane ɗalibi na buƙatar aƙalla lita 5 a rana, sha da wankin hannu. Ɗalibai 1000 lita 5000 ke nan, ban da na masai. Tankin da ya fi buƙata girma sosai shi ma matsala ne, don ruwa na kwana ciki, zafi ya cinye kulor ɗin. Ya kamata a samu miligiram 0,2 zuwa 0,5 na kulor cikin kowace lita a bakin famfo.

Ɓarnar kuwa daga murfi take farawa. In ya tsage ko an bar shi a buɗe, ƙurar hunturu ta shiga, ƙadangare ya faɗa, hasken rana ya haifar da gansakuka. Bututun ambaliya in ba raga, sauro ya samu gida. Tankin siminti kuma a dubi tsaga: in ka ga jan layin tsatsa na gangarowa a bango, ruwa ya kai ga ƙarfen ciki, kuma shafe da fenti ba ya maganinsa.

Wanki sau biyu a shekara ya isa, kafin komawa lakwal a Oktoba da kuma kafin bazara. A zubar da ruwan duka, a kwashe laka, a goge bango da buroshi ba tare da omo ba. A cika, a zuba jabel mai ƙarfin digiri 12, kimanin lita ɗaya da rabi ga kowace lita 1000, a bari awa 24. Wannan ruwan ba na sha ba ne, a zubar, a ɗauraye, sannan a sake cikawa. Don Allah kada a tura ɗalibi cikin tanki, kuma babba ma kada ya shiga sai da wani tsaye a bakin murfi.

Malam dirakta, iyayen yara da ƴan COGES (kwamitin kula da lakwal), kuɗin jabel da buroshi bai kai na sayen tebur-banci ɗaya ba. A sa ranar wanki cikin tsarin shekara, a rubuta ta da alli a jikin tankin, a ba mai gadi makullin murfi.