Ɗan Kabi a Tafkin Finland

Bakina ne ya ja mini. Muna shan shayi a garin Jyväskylä na Finland, abokin karatuna ɗan ƙasar ya ce iyayensa suna da ɗan gidan katako a bakin tafkin Päijänne, ya tambaye ni ko na taɓa kamun kifi. Maimakon in ce a'a in huta, sai na gyara zama na ce, "Ni fa ɗan Kabi ne." Na kwashe labarin Argungu na ba shi: Matan Fada, homa da gora, da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru kafin a ɗaga ta. Abin da na ɓoye shi ne sau ɗaya na taɓa zuwa bikin, shi ma ina ƙarƙashin rumfa ina cin tsire.

Mutanen Finland ba su da yawan magana. "To" kawai ya ce, ranar Asabar sai ga shi da mota.

Kifin da muka fita nema su suna ce masa hauki, da Turanci kuma pike. Dogo ne, kore mai ɗigo-ɗigo, da baki kamar na agwagwa. Ba ya yawon neman abinci, laɓewa yake cikin ciyawar ruwa, ƙaramin kifi na giftawa ya kai masa wawura. Saboda haka kifin ƙarya ake ɗaura masa, ka jefa ka dinga naɗowa. A ƙasar fatsa da tsutsa kyauta ce, amma irin wannan sai da na biya kuɗin izini ta intanet. Wato da kuɗina na sayi abin da ya same ni.

Ya ba ni wani tsohon kifin katako ƙirar Rapala, ya ce a wannan tafkin ne Lauri Rapala ya sassaƙa na farko a 1936. Sannan ya miƙo ɗan guntun waya, wai a haɗa tsakanin zare da ƙugiya saboda haƙora. Na ture hannunsa. "Mu a Kabi ba ma sa wa kifi waya."

Awa uku muna cikin kwale-kwale, sauro na walima a wuyana. Watan Yuni ne, ƙarfe goma na dare rana tana nan ta ƙi faɗuwa, ina ta lissafin yaushe za a yi magariba. Kwatsam sai sandar ta lanƙwashe. Na miƙe tsaye ina kirari, kafin in kai ƙarshe zaren ya dawo fayau, an yanke shi kamar da reza. Abokina ya daɗe yana kallon ruwa, can ya ce, "Na kakana ne." Da ma zagina ya yi.

Na karɓi wayar ba musu. Ba a jima ba wani ya kama, na jawo shi har cikin kwale-kwale. Don in maido da martabar Kabi, sai na zura babban yatsana a bakinsa zan ɗaga shi a yi hoto. Ashe haƙoransa ɗaruruwa ne, har a rufin baki, kuma duk ciki suka kalla, kana ja suna ƙara shiga. "Wayyo Inna!" da na kurma sai da dajin tsallake ya maimaita mini. Abokina ya sa hannu ƙarƙashin kumatun kifin, ya buɗe bakin da doguwar filaya. Ina samun yatsana, kifin ya buga wutsiya ya koma gida.

Da daddare, in dare za a kira shi, mahaifiyarsa ta niƙa wanda shi ya kama ta soya kamar ƙosai, don ƙayar hauki mai reshe biyu ce kamar gwafa. Ta dubi yatsana a naɗe ta ce, "Wannan ne babban masuncin?" Da hagu na riƙe cokali.

Washegari Yaya ya kira, na ce masa kifi ya kuɓuce mini. Ya ce kilo nawa? Na ce talatin. Daga baya na gano mafi girman da aka rubuta a kundin masu fatsa kilo 25 ne, a Jamus, 1986. Na kira in rage, ya ce ai tuni ya faɗa a majalisa, kuma can arba'in suka ji.