Wulaƙancin da Mai Iƙama Ke Sha Wajen Neman Bizar Dogon Zama a Turai

Duk Bahaushen da ke aiki a Jidda ko Riyad da iƙama, wato takardar izinin zama da Saudiyya ke bai wa baƙi, ranar da ya yi niyyar kai iyalinsa hutu mai tsawo a Turai, a ranar zai gane cewa kuɗinsa da takardunsa da shekarun da ya yi yana zaune lafiya a ƙasar nan ba su saya masa mutunci ko kaɗan ba. Bizar Shengen, wato bizar gajeren zama ta bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, da aka saba bayarwa kwana 90 kawai take bai wa mutum a cikin kowane kwana 180, saboda haka wanda yake son ya yi wata huɗu ko biyar wajen 'yarsa da ta haihu, kamar yadda ni da maiɗakina muka yi niyya, dole ne ya nemi bizar dogon zama, wadda kowace ƙasa take bayarwa bisa nata sharuɗɗan. Faransa, alal misali, tana karɓar Yuro 99, tana neman shaidar kuɗin da mutum zai ci da kansa, da inshorar lafiya, da alkawari a rubuce cewa ba zai yi aiki a can ba. Ban ƙi ko ɗaya daga cikin irin waɗannan sharuɗɗa ba, domin kowace ƙasa tana da ikon tsare ƙofarta.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne cibiyar 'yan kwangila da ofishin jakadanci ya damƙa wa karɓar takardun neman biza. Ka shiga shafinsu da asuba, ka shiga da tsakar dare, amsar guda ce: babu ranar ganawa. Amma a daidai wannan lokaci dillalai suna yawo a zaurukan WhatsApp suna tallar ranaku a fili, suna yanka farashi na ɗaruruwan Riyal, har suna tambayar ka wane mako ya fi maka. Daga ina suke samun abin da aka ce babu? Idan na'ura suke sa wa tana kwashe ranakun da zarar an buɗe, me ya hana a toshe ta? Idan kuma da hannun na ciki, wa ke sa ido? Ka buga waya, murya ce da aka naɗa take ta maimaita magana har kuɗin wayarka su ƙare. Ka aika saƙo, a mayar maka da amsar da aka shirya wa kowa, wadda ba ta taɓa tambayarka ba ko da kalma ɗaya.

Wanda bai zauna a nan ba zai ɗauka jira ne kawai, alhali kowane mako da ya wuce asara ce. Takardar wurin aiki sai an kai ta an buga mata hatimin majalisar 'yan kasuwa, takardar banki kuma ana son sabuwa, ga inshora da aka riga aka biya bisa ranar tafiya. Kafin ranar ganawa ta zo, rabin takardun sun tsufa, sai a sake bin layi, a sake biya. A ɓangaren Saudiyya kuma mai iƙama ba ya fita sai da izinin fita da dawowa, wanda ake biyan Riyal 200 na wata biyun farko, da Riyal 100 a kan kowane wata da ya ƙaru, kuma ba a ba da shi ya zarce wa'adin iƙama. Ke nan wanda iƙamarsa ta kusa ƙarewa sai ya lallaɓa kafili, wato ubangidansa na aiki, ya sabunta ta tukuna, sannan ya zube kuɗin iyali, Riyal 400 a wata a kan kowane mutum. Duk wannan ɗawainiya mutum yake yi bai san ko za a ba shi bizar ba, kuma idan aka hana shi, ko sisi ba ya dawowa, har kuɗin hidimar cibiyar da ba ta yi masa hidimar komai ba.

A shekarar 2024 Tarayyar Turai ta sauƙaƙa wa 'yan asalin Saudiyya, ta amince a riƙa ba su bizar gajeren zama ta shekara biyar mai shiga da fita. Ba na yi musu baƙin ciki, Allah ya ƙara musu. Amma mutumin da ya tsufa a ƙasar nan, albashinsa a nan, 'ya'yansa a makarantun nan, don kawai fasfonsa na Nijeriya ne ko Nijar ko Sudan, sai a riƙa kallon sa kamar ɓarawon da ke neman hanyar tsallake katanga. Maiɗakina tana son ta riƙe jikanta ne, ta kula da 'yarta a lokacin jego kamar yadda kowace uwa take yi a wurinmu, ta dawo gidanta.

Ina kira ga ofisoshin jakadancin da suka miƙa wannan aiki ga 'yan kwangila da su bincika yadda ranakun ganawa suke faɗawa hannun dillalai, su ɗaure kowace rana da lambar fasfon mai ita ta yadda ba za a iya sayar da ita ba, su ajiye ɗan Adam da zai ɗaga waya ya ba da amsa, kuma idan jinkirin daga wajensu ne, su karɓi takardun da suka tsufa a hannun mai nema ba tare da an sake tura shi ya biya ba.