Nana Asma'u ba waƙa kaɗai ta bari ba

Allah ya saka wa marubucin wannan labari kan Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo. Sai dai ya tsaya kan waƙoƙinta na Larabci da Fulatanci da Hausa, bai taɓo 'Yan Taru ba, wato tsarin da ta kafa na karantar da mata, alhali a wajena nan ne babban aikinta. Takan naɗa dattijuwa jaji, wato jagorar masu karatu, ta ɗora mata malafa, ita kuma ta riƙa kai karatu ƙauyuka, tana koya wa matan aure tsarki da sallah ta hanyar waƙa, don a haddace cikin sauƙi. Ta rasu tun 1864, amma har yau a ƙasar Sakkwato ana fama da wasu iyaye kan sa 'ya mace makaranta. Abin yana ci mini rai. Allah ya jiƙanta.