Sawun mutum yana nan a kan wata, a kai hotunan makarantun ƙauye

Tun 2009 akwai wani kumbo na hukumar NASA ta Amurka da ke kewaya wata ba dare ba rana yana ɗaukarsa hoto. Sunansa LRO, an harba shi ranar 18 ga Yunin waccan shekara, kuma daga nisan kilomita 50 kyamararsa na iya rarrabe abin da bai fi rabin mita ba. Hotunan suna intanet kyauta, ba a tambayar kowa ko sisi. Amma har gobe a majalisun ƙauyukanmu na ƙasar Gumel da Ringim ana musun ko ɗan Adam ya taɓa taka wata, kuma da "an ce" da "na ji" ake yin musun, alhali ga abin da ido zai duba.

Ban ga laifin mai shakka ba. Za ka ji dattijo a gindin darbejiya ya ce wa matashin da ya miƙo masa waya: "Ɗan nan, wanda ya rantse akwai makaman ƙare dangi a Iraƙi, shi zai ce maka ya hau wata ka yarda?" Tambayar Baba tana da tushe, balle yanzu da kwamfuta ke ƙera hoton abin da ba a taɓa yi ba. Abin da ke damuna shi ne matashin ba ya da amsa sai "Wallahi Baba gaskiya ne, a makaranta aka faɗa mana." Shi ma ji ya yi. Ba a taɓa nuna masa yadda ake auna hujja ba.

Tsakanin 1969 da 1972 kumbunan Apollo na Amurka sun sauka a wata sau 6, mutum 12 suka taka shi. A 2011 aka sauko da LRO ƙasa-ƙasa, kimanin kilomita 21 daga doron wata, ya ɗauki wuraren da Apollo 12 da 14 da 17 suka sauka. A hoton Apollo 17 ana ganin gindin kumbon da suka bari, da motar da suka yi yawo da ita a inda suka ajiye ta, da layi biyu na sawun tayoyinta, da wasu siraran layuka masu duhu da suka yi ta karkacewa, wato hanyoyin da ƙafafunsu suka bi. A na Apollo 12 hanyar ƙafa ta kai har wajen Surveyor 3, kumbon da ya riga su sauka tun 1967. Wata ba shi da iska ba shi da ruwan sama, shi ya sa sawun bai goge ba bayan shekara fiye da 50.

A nan mutumin karkara ya fi ɗan birni saurin ganewa. Duk wanda ya taɓa bin sawun saniyar da ta ɓace a jigawa ya san da sassafe ko da la'asar sakaliya ake bi, lokacin da rana ta kwanta inuwa ta cika kowane ɗan gurbi. Da tsakar rana yashi fari fat yake, ba ka ganin komai. Haka masu karanta hotunan wata ke yi. Sun ɗauki wuri guda a lokuta daban-daban, suka ga wata 'yar inuwa tana juyawa yadda rana ke juyawa, a 2012 suka bayyana cewa tutocin Apollo 12 da 16 da 17 suna nan a tsaye. Ta Apollo 11 ba ta da inuwa, wanda ya yi daidai da abin da Buzz Aldrin, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka sauka da wannan kumbon, ya faɗa tuntuni, cewa hucin injin ya kayar da ita sa'ad da suke tashi.

To, ai NASA ce ta ɗauki hoton, in ji Baba. Gaskiya ne, kuma mai ƙara ba ya zama shaidar kansa. Sai dai akwai wasu shaidun. A 2008 kumbon Kaguya na Japan ya gano tabon da wutar injin Apollo 15 ta bari a ƙasa. A 2021 kumbon Chandrayaan-2 na Indiya, wanda kyamararsa ta fi ta LRO kaifi, ya ɗauki wuraren saukar Apollo 11 da 12, ga gindin kumbunan nan da inuwarsu. Tarayyar Sobiyat kuwa, wadda a wancan lokacin ke tseren zuwa wata da Amurka kamar kishiya, ba ta taɓa ƙaryata saukar ba. Ita ma motarta Lunokhod 1, da aka daɗe ba a san takamaiman inda ta tsaya ba, hoton LRO ne ya nuno ta a 2010.

Akwai ɓangaren da ya fi yi mini ciwo. Muna ƙin abin da ke da shaida, muna rungumar wanda ba shi da ita in dai ya yi mana daɗi. Labarin cewa Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka wata, ya ji kiran salla a wata ya musulunta har yau yana yawo a WhatsApp, bayan shi da kansa ya musanta tun yana raye. Haka hoton nan na wani dogon kwari da ake turawa ana cewa NASA ta tabbatar da tsagewar wata. Kwarin sunansa Rima Ariadaeus, tsawonsa kimanin kilomita 300, bai zagaye wata ba, kuma irinsa suna da yawa. Musulmi ya yi imani da mu'ujizar Manzon Allah (SAW) ne saboda Alƙur'ani da hadisi, ba ya bukatar a jingina masa ita da hoton da aka canza wa bayani. Ranar da yaro ya gano bayanin ƙarya ne, wanda ya tura masa ya cuce shi.

Ga kuma abin alfahari na gaskiya da ba a faɗa wa yaranmu. Manyan ramukan da duwatsun sama suka haƙa a wata suna da sunaye, kuma da dama na malaman Musulunci ne: Albattani, Ibnul Haisam, Albiruni, Alkhawarizmi, Abdurrahman Assufi, har da Ibn Baɗuɗa matafiyi. Ramin Albattani, wanda taswira ke rubutawa Albategnius, faɗinsa ya haura kilomita 100. Mu da ke fita duban jinjirin wata duk Sha'aban da Ramadan, mu ya fi kamata mu san waɗannan.

Wani zai ce makarantar da ba ta da benci ina ruwanta da ramukan wata. Na san ajin da yara ke zaune a ƙasa, ban raina wannan ba. Amma karanta hoton da aka ɗauka daga sama sana'a ce guda, ko na wata ne ko na fadamar Haɗeja ranar da kogi ya yi ambaliya. Najeriya na da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta binciken wata a 2022. Wa zai karanta mata hotunan, in ɗan Jigawa bai taɓa riƙe ko ɗaya ba? A 2019 da kumbon Vikram na Indiya ya faɗi a wata, wani injiniya a birnin Chennai, Shanmuga Subramanian, shi ya zauna da kwamfutarsa yana gwada hotunan LRO na kafin faɗuwar da na bayanta har ya gano ɓaraguzan, NASA ta tabbatar ta kuma ambaci sunansa. Ba ma'aikacinta ba ne.

Abin da nake roƙon ma'aikatun ilimi na Kano da Jigawa ba shi da tsada. A buga hotuna kamar goma a babbar takarda, da bayani cikin Hausa, a raba wa ƙananan sakandare. Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta kimiyya da ke Wudil su ba ɗalibansu na kimiyyar lissafi da labarin ƙasa aikin rubuta bayanin. Kowace ƙaramar hukuma ta sayi na'urar hangen nesa ko guda ɗaya tana zagaya makarantu a daren 7 ko 8 ga wata, lokacin da inuwa ke fito da ramukan sosai. A gayyaci liman da mai unguwa da iyayen yara su ma su sa ido, su yi tambayar da suke so.