Karen da Ya Shekara 30 Yana Yi Mini Dariya

Idan akwai abin da na daɗe ina cika baki a kansa a gaban 'ya'yana, to harbin agwagwa ne, ba kuwa ta rafi ba, ta cikin talabijin. A shekarar 1994 mahaifinmu ya sayo mana abin da muke kira gem, wato kwaikwayon na'urar Famicom da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983, tare da bindigar roba da wani kaset mai ruwan ɗorawa da aka rubuta a jikinsa cewa wasanni 9999 ne a ciki. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan kaset ya san wasannin gaskiya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sauran duk maimaici ne da aka sauya wa suna. Mu dai guda ɗaya ne ya ɗauke mana hankali, wato Duck Hunt, inda agwagwa take tashi daga cikin ciyawa a ba ka harsashi 3, idan ka ɓarar da su ta tsere, sai wani kare ya leƙo yana ƙyalƙyala maka dariya har kafaɗunsa na rawa.

Na sha gaya wa yaran cewa a duk unguwarmu babu wanda ya kai ni saiti. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne akwai mutum ɗaya da ya gagare ni, wato Yayana, wanda yakan ce mu yi gasa, duk wanda ya sha kaye shi zai cika randunan gida da ruwan rijiya. Duk ranar da aka gindaya wannan sharaɗi sai agwagwar ta dinga gocewa kamar mai layar zana, ni kuwa in kwana da ciwon kafaɗa saboda jan guga, ina ɗora laifin a kan rawar hannu.

A watan jiya na shiga kasuwa neman ƙwan fitila, sai na hango irin gem ɗin nan a rumfar wani mai sayar da kayan lantarki na hannu, har da bindigarta da kaset. Ban ko yi cinikin kirki ba, domin mutumin ya riga ya karanta fuskata. Na dawo gida da ita a leda, ba tare da ƙwan fitilar da aka aike ni ba, na tara iyali a falo na ce yau za su ga abin da ake kira maharbi.

Da na jona ta da talabijin ɗinmu ta bango, sai wasu zane-zane masu kama da tabarmar kaba suka cika fuskarta. Ban damu ba, domin na san maganin tun ina yaro: na zare kaset na hura masa iska da dukan ƙarfina, na mayar, na sake zarewa na sake hurawa, har jiri ya fara ɗibata. A karo na 6 hoto ya fito, na ɗauki bindiga, na tsaya yadda sojoji suke tsayawa, na harba. Agwagwa ta tsere, kare ya yi dariya. Na matsa kusa na sake harbawa, kare ya sake dariya. Daga ƙarshe na manna bakin bindigar a jikin gilashin, abin da ko a yarinta muke ɗauka abin kunya, amma ko gashin agwagwa ɗaya bai faɗo ba. Uwargida ta dube ni ta ce, "Abban Ummi, ko dai a wata unguwar ka yi maharbin?"

Washegari na kai kayan wurin wani dattijon mai gyaran rediyo ina huci, na ce an sayar mini da matacciyar bindiga. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce bindiga lafiyarta ƙalau, domin ita ba ta harba komai, ido ne kawai a cikinta mai ganin haske. Da zarar an ja kunama, fuskar talabijin takan yi baƙi na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan wani farin akwati ya bayyana daidai inda agwagwar take, idan idon bindigar ya ga farin nan a daidai wannan lokaci, to an samu. Tsohuwar talabijin mai doro tana zana hoton nan take, ita kuwa ta bango sai ta tsaya ta sarrafa shi tukuna, saboda haka kafin farin ya fito bindigar ta riga ta gama dubawa. Ya kuma ɗaga kaset ɗin ya nuna mini haƙoransa na ƙarfe, ya ce, "Alhaji, wannan hurawar da kuke yi tururin baki kuke zuba masa, shi ke sa su tsatsa. Zarewa da mayarwar ce take gyara shi." Ya goge su da auduga da ɗan sifirit, ni kuwa na tsaya ina lissafin numfashin da na yi asara tun 1994.

Mai doro guda ɗaya na sani a duniya, tana ɗakin mahaifiyata, inda ta daɗe da yin ritaya ta koma teburin jera kwanukan samira, an lulluɓe ta da kyalle mai saƙa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, Hajiya ta daɗe tana duban furfurar gemuna kafin ta ce, "Kai yanzu da girmanka agwagwar nan ba ta rabu da kai ba?" Ta ba ni aro bisa sharaɗin in samo wa kwanukanta wurin zama. Inci 21 ce, amma nauyinta duk a gaba yake inda gilashin yake, ga shi babu wurin kamawa, haka na rungume ta a cikin adaidaita sahu kamar mai kai mara lafiya asibiti, ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali.

Da daddare muka kunna ta, ta yi wannan 'yar siririyar ƙarar da na manta da ita, gashin hannuna ya miƙe da na shafi gilashin. Harbin farko agwagwa ta faɗo, kare ya fito riƙe da ita, yara suka yi tafi. Na kakkaɓo guda 5 a jere, na waiwaya na dubi uwargida ba tare da na ce komai ba.

Daga nan ne abin ya juye. Agwagwa ta shida ta doshi dama, ina jan kunama ta karkace hagu, ta bakwai ma haka, ta takwas kuwa sai ta dinga kai da kawowa kamar mai neman ɗan kunnenta. Irin gocewar nan ce sak ta ranakun jan guga. Ina cikin share gumi sai na ji ana ƙunshe dariya a bayana, na juya na ga Ummi, 'yar shekara 8, zaune da abin dannawar da yara suke kira fad a kan cinyarta.

"Abba, ashe idan na danna nan agwagwar tana bin inda na ce," in ji ta.

Na karɓa na gwada da hannuna, haka ne kuwa. A zaɓin wasan da agwagwa ɗaya take tashi, waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun tanadi cewa mutum na biyu zai iya juya ta da fad yayin da ɗan'uwansa yake harbi, mu kuwa tamu ba ta zo da wata takardar bayani da za mu iya karantawa ba. Nan take na tuna inda Yaya yake zama duk ranar gasa: a bayana, kan buhun gero, wai yana riƙe mini fad don kada wayar ta harɗe mini ƙafa.

Ban jira gari ya waye ba na buga masa waya. Bayan mun gaisa, na tambayi iyali, na ce, "Yaya, don Allah randa nawa ce a gidanmu a wancan lokaci?" Ya ce 4 ce, me ya faru? Na ce Ummi ta gano aikin fad. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya fashe da dariya har yana tari, a daidai lokacin da wata agwagwar ta tsere, karen ma ya leƙo daga cikin ciyawa ya taya shi.